Tsohon Katako, Sabon Aiki

A ƙasarmu ta Gobir katako baƙo ne. Itatuwan da muka tashi muka tarar su ne gawo, da aduwa, da kirya, da tsamiya, da giginyar bakin fadama. Masassaƙi yakan fitar da turmi da taɓarya daga cikinsu, da akushi, da ƙota, da 'yar kujerar da mata ke zama a kai wajen girki. Amma ba ya fitar da falanki mai faɗi wanda za a yi tebur ko ƙyaure da shi. Kakanninmu a kan gadon kara suka kwanta, ko kuwa gadon ƙasa. Falanki daga kurmi yake zuwa. A zamanin da jirgin ƙasa yake aiki, yakan sauke kaya a Ƙauran Namoda, inda layin dogo ya tsaya tun 1929, daga nan motoci su biyo da shi ta Shinkafi da Isa. Yanzu duk a mota yake tahowa tun daga kudu. Kowane falanki da ka gani a Tsamaye ya yi tafiyar ɗaruruwan mil kafin ya iso, an kuwa biya kuɗin kowane mil.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya ninka, kuɗin katako ya bi shi. Duk da haka idan ka zaga bayan ɗakuna a garuruwanmu, za ka ga karyayyen gado an jingine shi a bango, ko tebur mai ƙafa uku yana shan ruwan sama, ko akwatin da aka kawo inji a ciki kaji suna ƙwai a gindinsa. Ƙarshensu duka murhu ne. Muna so mu ba ku labarin abin da muka yi da namu, ya ku 'yan'uwa masu karatu, ko wani gida zai dakata kafin ya sa gatari.

Daga ina farin katakon nan yake?

Akwai wani katako fari, marar nauyi, mai zane-zane a jiki da ƙulle-ƙulle masu kama da ido. Idan aka yanka shi da zarto, yakan yi wani ƙamshi kamar na ƙaro. Turawa suna kiran itacen fayin. Ganyensa siriri ne kamar allura, ba ya kuwa fitowa a ƙasar Hausa don kansa. Ma'aikatan gandun daji sun dasa shi a Afaka kusa da Kaduna, da kan tsaunin Jos, amma yawancin wanda ke shigowa hannunmu daga ƙetare yake. Yana girma da sauri, yana miƙewa sak, yana da sauƙin yanka. Saboda haka masana'antun Turai da Asiya suke yin gadaje da tebura da kantoci da shi, dubu bisa dubu, duk iri ɗaya. Kamfanin IKEA, wanda aka kafa a ƙasar Suwidin a 1943, shi ya yi suna wajen sayar da irin wannan kaya a kwance cikin kwali, mai saye ya je gida ya haɗa da kansa.

Abin da ya zo da arha, da wuya a riƙe shi da daraja. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa a 2018 kaɗai mutanen ƙasar sun zubar da kayan ɗaki tan miliyan 12, kashi 80 cikin 100 kuwa binne su aka yi a juji. Wani abu daga cikin abin da Turai ta gaji da shi yakan sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ta Ikko, ya ƙare a hannun 'yan gwanjo. Hanya ta biyu ita ce akwatunan da ake rufe injuna a ciki, da 'yan dakalan katako da ake jera buhuna da kwalaye a kai a cikin jirgi, waɗanda 'yan kasuwa ke kira falet. Falet irin na Turai tsawonsa santimita 120 ne, faɗinsa 80. Falanki 11 ne a jikinsa, da 'yan gungume 9, da ƙusa 78. Mai kanti yana ganinsa tarkace, kafinta kuwa yana ganin falanki 11.

Abin da muka tarar a gidanmu

Gadonmu na farin katako a Sakkwato muka saye shi, shekarar da muka yi aure, a hannun wani baƙo ma'aikaci da zai koma ƙasarsu. Aikin masana'anta ne, da noti aka haɗa shi. Tare da shi muka sami wata kantar littattafai. Ya yi mana hidima shekara 24, aka haifi 'ya'yanmu biyar yana nan. Daga baya ramukan notin suka buɗe, ya fara kuka da dare, gara kuma ta cinye ƙafafu biyu na wajen bango. Muka fitar da shi tsakar gida. A lokacin itacen girki ya yi tsada ƙwarai, duk wanda ya shigo sai ya ce, “Kai, kun sami iccen mako biyu.”

Muka kira kafintan unguwarmu, dattijo ne wanda ya koyi aiki a Gusau tun yana saurayi. Ya tsuguna, ya ƙwanƙwasa kowane falanki da bayan guduma yana saurare, ya soka ƙusa nan da can. Sa'an nan ya ɗaga kai ya ce, “Maigida, ai gadon ne ya mutu, katakon yana nan da ransa.” Ya nuna mana cewa ɓarnar duka a wurin haɗi take, da ƙasan ƙafafu. Muka ƙirga tare da shi. Dogayen gefe guda 2, kowanne ƙafa 6 da inci 3. Falankan shimfiɗa guda 14, kowanne ƙafa 4 da rabi, guda 12 lafiya lau. Allon kai mai falanki 5. Ga kuma tsohuwar kantar littattafai, da wani akwatin injin niƙa da maƙwabcinmu ya ba mu kyauta don ya tsare masa zaure.

Ya gaya mana wani abu kuma da ya kamata kowane magidanci ya sani. Sabon katakon da ake kawowa daga kurmi sau da yawa da ɗanyensa yake isowa. Idan aka yi aiki da shi nan da nan, iskar hunturu ta buge shi, sai ya tsuke, ya karkace, ya tsage, ƙyaure ya ƙi rufuwa. Amma katakon da ya yi shekara 20 a ɗakinka ya gama duk motsin da zai yi. Ya san hunturunmu, ya san bazararmu. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Kafin a sa hannu

Ba kowane abu mai kama da katako ne katako ba. Yawancin manyan saitin gado da kwabet masu walƙiya da ake sayarwa yanzu, da garin katako ake yin su, an kwaɓa da gam an matse da inji, an liƙa takarda mai ado a sama. Ka duba bakin allon ta baya, ko cikin ramin noti. Idan ka ga zane yana bin tsawonsa, katako ne. Idan ka ga tsaki-tsaki kamar dusa, ko laushi kamar kwali, garin katako ne. Wannan yana da nauyi, ba ya riƙe ƙusa sau biyu, idan kuma ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura ya marmashe. Waɗanda suka ga ambaliyar watan Satumba na 2010, wadda ta ci garuruwa da yawa a bakin Gulbin Rima, sun ga bambancin da idonsu. Bencin katako aka shanya shi a inuwa ya koma aiki. Kwabet ɗin garin katako kuwa da shebur aka kwashe shi.

Idan falet ko akwatin inji ka samu, ka nemi hatimin da aka buga masa a gefe. Tun 2002 ƙasashen duniya suka yi yarjejeniya cewa katakon ɗaure kaya ba zai ƙetare iyaka ba sai an kashe ƙwarin da ke ciki. A hatimin akwai alama mai kama da zangarniyar alkama, da haruffa biyu na sunan ƙasa, sa'an nan waɗansu haruffa biyu. Idan ka ga HT, da zafi aka gasa shi, har tsakiyarsa ta kai digiri 56 na tsawon minti 30. Wannan ba shi da laifi. Idan ka ga MB, da hayaƙin wata guba aka turara shi. Mu dai irin wannan ba mu shigar da shi ɗakin kwana ko wurin abinci. Haka nan duk katakon da ke da tabon mai, ko warin taki, ko na maganin feshi, gama ba ka san abin da ya zuba a kansa ba.

Sai maganar tsohon fenti. Ana sa dalma a cikin waɗansu fentin mai, musamman ruwan ɗorawa da ja, domin launi ya fito. Mu da ke maƙwabtaka da Zamfara ba mu bukatar a gaya mana abin da dalma ke yi wa yara. A 2010 ƙurarta ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A can daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta fito, amma gubar ɗaya ce, ta hanyar ƙura kuwa take shiga jiki. Saboda haka idan za a kankare tsohon fenti, a yi a waje, a jiƙa wurin da ruwa don kada ƙura ta tashi, a kori yara da mata masu ciki, a tattara abin da aka kankare a binne nesa da rijiya. Kada a dafa abinci da katako mai fenti, kada kuma a gasa nama a kansa.

Aikin warwarewa namu ne, ba na kafinta ba. Kafintoci da yawa ba su son tsohon katako, suna kuwa da hujja. Ƙusa ɗaya da ta ɓuya ta isa ta karya haƙoran zarto. Muka zauna da yaran da yamma uku, muka kwance noti, muka zare ƙusa da filaya da bakin guduma. A sa ɗan guntun katako ƙarƙashin guduma, don kada ta lotsa falankin, gama farin katako yana da taushi. Inda ƙusa ta ƙi fita, muka zagaye wurin da gawayi don kafinta ya gani. Autanmu aka ba aikin miƙar da ƙusoshi a kan dutse, ya cika gwangwanin madara biyu.

Abin da ya fito daga ciki

Ba mu ce a mayar mana da gado ba. Muka tambayi kanmu, mene ne gidan nan yake nema wanda ba shi da shi? Wanda ya zana gadon a ƙasar sanyi bai san randa ba, bai san tabarma ba, bai san cewa a ƙasa muke cin tuwo ba. Mu muka san gidanmu.

Dogayen gefen nan biyu aka jera su suka zama benci na zaure, wanda ke ɗaukar manya huɗu. Falankan shimfiɗa takwas suka zama kanta mai hawa huɗu a ɗakin girki, kwanoni da tukwane suka tashi daga ƙasa. Sauran huɗun aka yi mazaunin randa da su, mai tsayin ƙafa ɗaya da rabi, da wurin rataya moɗa, akuya ta daina sa baki, ƙananan yara suka daina tsoma hannu. Allon kai ya zama ɗan gajeren tebur wanda yara ke zama a tabarma su yi aikin makaranta a kai. Tsohuwar kantar littattafai aka rage mata tsayi, aka yi mata ƙyaure biyu da ragar waya don ajiye abinci. Akwatin injin niƙa kuwa ya ba da akwatuna biyu masu murfi, da hannun igiya a kowane gefe, da wurin sa kwaɗo. Guntayen da suka rage aka yi ƙofar akurki.

Ga waɗansu dabaru da muka gani a hannun dattijon nan. Farin katako yakan tsage idan aka buga ƙusa kusa da bakinsa. Sai ya juya ƙusar ya ɗan daki tsininta da guduma ya dakushe ta, sa'an nan ta shiga ba tsagewa. Tsofaffin ramuka yakan cika su da garin zarto da aka kwaɓa da gam. Wurin haɗi ba ya dogara ga ƙusa kaɗai, sai ya fafe gurbi ɗaya ya shiga cikin ɗaya, ya sa gam. Murfin akwati da ƙyauren kwabet yakan bar musu ɗan sarari kamar kaurin tsinken ashana, domin da rani aka yi aikin, da damina kuwa katako yakan kumbura. Daga ƙarshe aka goge da samfefa ana bin zanen katakon, aka shafa man ƙyalli da kafintoci ke kira banish, sau biyu.

Babbar abokiyar gabar farin katako ita ce gara. Tana son shi ƙwarai. Saboda haka babu ko ɗaya daga cikin kayan nan da ke tsaye a ƙasa da ƙafar farin katako. Ƙafafun benci da na mazaunin randa da reshen dogon yaro aka yi su, daga itacen ƙofar gidanmu. Dogon yaro ma baƙo ne, daga Indiya asalinsa, a Barno aka fara dasa shi a ƙasar nan a 1928, amma yana da ɗaci, gara ba ta cika son shi ba. Kowace ƙafa kuma tana kan faffaɗan dutse. Mun bar tazarar tafin hannu tsakanin kaya da bango, kowace Asabar ana janye su a share, a duba ko gara ta fara gina hanyarta. Mutane da yawa suna shafa baƙin man mota. Ya yi daidai da dirkar rumfa ko ƙofar garke, amma kada a shafa shi a wurin abinci ko abin da yaro zai taɓa.

Kada kuma mu yaba shi fiye da kima. Farin katako yana lotsawa, ba ya jure ruwan sama da rana, ba za a daka ko a sara nama a kansa ba. Falankin da ka ga gari yana zubowa daga ƙananan huji a jikinsa, ƙwaro ya riga ka, ka raba shi da sauran. A biya kafinta hakkinsa kuma ba tare da ƙwauro ba, gama aikin tsohon katako ya fi na sabo cin lokaci. Duk da haka, abin da muka kashe a kan kayan nan duka bai kai kuɗin sabon tebur ɗaya da kujera biyu ba.

Ɗakin amarya

Inda maganar ta yi nauyi shi ne lokacin auren ɗiyarmu ta fari. Kowa ya san al'ada. Iyayen amarya ke yin kayan ɗaki, ranar jere kuwa mata sukan shiga su duba, su fita su ba da labari. Mun ga magidanta da suka jinginar da gona, waɗansu suka sayar da shanun huɗa, don a ɗauko saiti daga Sakkwato ko Kano. Mun ga kuma yadda saitin yakan zama bayan damina uku, takarda ta ɓare, ƙasa ta kumbura, durowa ta ƙi fita, bashin kuwa yana nan ba a gama biya ba.

Da muka ce za mu nemi falet da tsofaffin akwatuna a yi mata kwabet da tebur da akwati, gwaggonta ta zo gida musamman. Ta ce, “Haba Yaya, ɗiyarka ta fari za ka kai ɗaki da tsohon icce? Mi dangin miji za su ce da mu?” Ba mu raina maganarta ba. Ƙauna ce ta sa ta faɗa, kunyar da take gudu kuwa ba ƙarya ba ce. Yarinyar ita za ta zauna cikin mutanen, ba mu ba. Saboda haka muka kira ta muka shimfiɗa mata lissafi a gabanta. Ga abin da ke hannunmu. Zai sayi saiti, a ci bashin rabi. Ko kuwa ya sayi sabon gado da katifa, a yi sauran da tsohon katako, a saya mata keken ɗinki da canjin. Muka ce ta kwana biyu tana tunani. Ta dawo ta ce, “Baba, keken nake so. Amma a yi wa kwabet ɗin shuɗin fenti.”

Aka yi masa sabon shuɗin fenti, aka sa masa gilashi, uwarta da gwaggonta suka jera kwanoni a ciki. Waɗansu mata sun yi magana, ba mu ɓoye muku ba. Maganar ba ta wuce mako biyu ba, wani biki ya zo ya ɗauke hankalinsu. Keken kuwa har yau yana ciyar da ita. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, in ji masu iya magana, amma bai kamata uba ya haɗiye shi saboda abin da ruwa zai cinye ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kayan da za a iya ɗauka

Akwai wani dalili kuma da ba mu so a ce muna da shi. A 2019 fiye da mutum 40,000 daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga. A watan Mayu na 2020 aka kashe fiye da mutum 70 a rana ɗaya a Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da ƙauyukan kusa da su, duk a ƙasar Sabon Birni. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Isa zuwa Marnona, ta kuma hana manyan motoci ɗauko itace daga daji. Dajin da mata da yara suka saba shiga neman icce ya zama wurin tsoro.

A shekarun nan mun sauki 'yan'uwa da suka baro ƙauyukansu da dare. Babu wanda ya zo da wadirob. Abin da ya iso shi ne abin da jaki ko amalanke ko kan mutum ya iya ɗauka. Wata ƙanwar mahaifiyarmu ta bar ɗaki cike da kayan da ba a gama biyan kuɗinsu ba, ta iso da ƙullin zane ɗaya. Muka ba ta ɗaya daga cikin akwatunan nan biyu. Ta sa takardun 'ya'yanta a ciki, da 'yan tufafi, da maganinta. Da rana tana zama a kai, da dare tana ajiye fitila. Rashin nauyin farin katako, wanda masu saye ke raina shi saboda shi, ya zama amfani a gare ta, gama ita da jikanta suna iya ɗaga akwatin su biyu. Muna roƙon Allah ya kawo ranar da ba za a auna kayan ɗaki da wannan ma'auni ba. Kafin ranar, hikima ce kowane gida ya kasance da akwati ɗaya mai ƙarfi, mai hannu, mai kwaɗo.

Wani zai ce, to, idan ba a ƙona tsohon gado ba, da me za a yi tuwo? Tambaya ce mai kyau. Amsarta tana hayin iyaka, ba nisa da mu. A 1983 wani malamin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsiron da manoma ke sassabewa kowace shekara daga kututture masu rai suke fitowa, saiwarsu tana nan a ƙasa. Idan aka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi aka bari, aka datse sauran, cikin 'yan shekaru sai su zama itace. Manoman Maraɗi da Damagaram suka kama wannan hanya, har masana suka ƙiyasta an mayar da itatuwa wajen miliyan 200 a fili hekta miliyan 5. Rassan da ake datsewa kowace shekara su ne iccen girki, a gonar mutum, kusa da gari. Mun fara haka a gonarmu ta bayan gari da sabara da kalgo. Gado yakan ƙare a murhu cikin mako biyu, kututturen gona kuwa kowace shekara yana bayarwa.

To, 'yan'uwa, kaka ta kusa wucewa, aikin gona zai yi sauƙi, iska kuma ta bushe, lokacin aikin katako ke nan. Maigida da uwargida su zaga gida tare, su duba bayan ɗaki da cikin rumbun da ba a amfani da shi. Abin da kuka samu ku ɗaga shi daga ƙasa, ku sa a inuwa, ku kira kafinta ya ƙwanƙwasa. Ku sa yara cikin aikin, maza da mata, su koyi riƙe guduma da karanta awo. Idan kuma kun yi benci ya ragu da falanki biyu, ku duba ko akwai baƙo a unguwarku da ke ajiye kwanonsa a ƙasa. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa albarka a aikin hannuwanmu.